Manhajar waya ta ce talabijin ɗinmu na fitar da radiyeshan

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sauke wata manhajar auna radiyeshan, da na kara wayar a jikin filasmar falonmu sai lamba ta tashi daga 35 ta haura 200, har da jan rubutu. Maiɗakina na da juna biyu, kuma kusan kullum da dare in muna kallo sai ta yi kukan ciwon kai. Wani ya kawo min sitika da sarƙar wuya wai suna tsotse radiyeshan. In saya ne, ko in fitar da talabijin ɗin? Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sauke ta lafiya.

Wayarka ba ta auna radiyeshan ba. Na'urar da ke cikinta ta gane maganaɗisu ce, ita ce manhajar alƙibla ke amfani da ita. Wancan 35 ɗin maganaɗisun duniya ne, wanda ke tsakanin maikurotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 25 zuwa 65 gwargwadon inda mutum yake. Abin da ya cilla lambar sama kuwa maganaɗisun sifikar talabijin ne. Zare filogi daga bango ka sake karawa, za ka ga lambar na nan daram.

In kana son jin abin da allo ke fitarwa da gaske, ɗauki ƙaramar rediyo mai batir, ka sa ta a zangon AM inda babu tasha, ka kusanta ta da bayan talabijin. Za ka ji zuuu. Kashe, ƙarar ta ɗauke. Wani ɓangarenta daga sashen da ke sarrafa wuta yake fitowa, shi ya sa cajar kwamfuta mai arha ma kan yi irin wannan ƙarar. Ja da baya taku biyu, ta dushe. Tun 1985 wani injiniya ɗan Holan, Wim van Eck, ya nuna ana iya kamo siginar da allon kwamfuta ke fitarwa daga nesa a karanta abin da ke kansa, amma wannan damuwar masu tsaron sirri ce, ba ta likitoci ba. Da na'urar awo ta gaskiya, a tazarar mita 1 talabijin ba ta kai ko maikurotesla 1 ba, alhali iyakar da ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan radiyeshan, ta sa wa jama'a a 2010 ita ce 200 ga wutar gida.

Tsoron yana da asali. A 1967 an gano wasu talabijin masu kala na General Electric a Amurka suna yoyon hasken X-ray, aka yi doka a 1968. Waɗannan masu ƙaton baya ne, masu kwalbar gilashi a ciki da ke aiki da bolt wajen 25,000. Filasmarka ba ta da wannan kwalbar sam.

Yanzu ga abin da ke ƙona min rai. Kullum sai an nuno min sitikar nan. Takarda mai ƙyalli kamar kwabo, an manna a kusurwar allo, wai ta tare igiyar da ke fita ta ko'ina! Da za ta tsotse sigina, ai da wayar da aka manna wa ta daina kama sabis. Sarƙar ma ta fi muni: a Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta Holan ta gargaɗi mutane su daina sa wasu sarƙoƙi da mundaye na "kariya daga 5G", domin su kansu ke fitar da radiyeshan mai cutarwa. Kuma ba asarar kuɗin ce ta dame ni ba. Mutum ya manna sitika, hankalinsa ya kwanta, ciwon na ci gaba da cin mai shi. Mai tallan ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, ranar da aka kwashi mace ranga-ranga zuwa asibiti ba za ka ga ƙeyarsa ba.

Ni ba likita ba ne, amma ciwon kai mai naci ga mai ciki ba abin da ake kai wa mai sitika ba ne. Yana cikin alamun hawan jinin masu ciki, wanda in an yi sake yake kai wa ga jijjiga. In ya haɗu da kumburin fuska da hannu ko gani dishi-dishi, kada a kwana a gida. Awon jini ya kai 140 bisa 90, magana ta zama ta asibiti.

Sannan ka ce da dare ne, lokacin kallo. Da wutar NEPA kuke kallon, ko da janareta? Ina kuke ajiye shi? In a baranda ne, ko soro, ko gindin taga saboda tsoron ɓarayi, to iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma da ciwon kai da jiri take fara sallama. Ta sha hallaka iyali guda cikin barci a ƙasar nan.

Don Allah Malam, amana ce a hannunka. Ka fitar da janareta fili nesa da taga tun daren yau, gobe da safe ka raka ta awo a duba jininta da fitsarinta. Talabijin ka bar ta inda take.