Idon maigidana ya koma ruwan ɗorawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu. A can ya koyi shan giya, yau shekara 9 ke nan, kuma ni kaɗai na sani a gidan. Tun bayan kaka idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ƙafarsa ba ta shiga takalmi. Surukata ta ce jifa ne, kullum sai an dafa masa sassaƙe. Yaya zan yi? Daga wata baiwar Allah, wani ƙauye kusa da Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da rufin asirin da kike yi masa. Amma kada ki ɓoye wa likita, domin abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon hanta da ya yi nisa.

Hanta ce ke narkar da giya, kuma wajen narkarwar ne ake samun wata guba da ke cin naman hantar kanta. Da farko kitse ne ke taruwa, wanda kan baje idan an daina sha. In aka ci gaba sai ta kumbura, daga nan tabo ya maye gurbin lafiyayyen nama, ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta. Shi ke sa ruwa ya taru a ciki. Na sha taɓa irin wannan cikin, ya cika tam kamar salka, alhali hannuwan mai shi sun rame kamar kara. Tabon ba ya gogewa, amma barin giya na ceto abin da ya rage.

Ku tafi babban asibitin Gumel cikin makon nan a yi masa gwajin jini da hoton ciki, a kuma duba ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu. Ke ma a gwada ki. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano.

A dakata da sassaƙen, a lallaɓa Inna da girmamawa, domin hanta mai rauni ba ta iya ɗaukarsa. Kada ya sha farasitamol sai da izinin likita, a kuma rage masa gishiri da dunƙule a miya. Barin giyar ma a yi shi a hannun likita, don wanda ya daɗe yana sha kan kamu da karkarwa ko farfaɗiya idan ya yanke dare ɗaya.

Idan ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya fara sambatu, ki nemi mota ko da tsakar dare ne.